Tsakanin gado da gwiwa: Ina matsayin kujerar haihuwa a asibitocin Najeriya?

A watan Nuwamban 2024 ne Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ƙaddamar da shirin MAMII, wanda ya ware ƙananan hukumomi 172 a jihohi 33 da aka gano cewa a cikinsu ne ake samun fiye da rabin mace-macen mata wajen haihuwa a ƙasar nan. A lokacin ne kuma aka sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta. Tun daga nan, yawancin maganar da ake yi ta ta'allaƙa ne kan kuɗi da gine-gine da motocin ɗaukar marasa lafiya da yawan ma'aikata, kuma babu mai cewa waɗannan ba su cancanci kulawa ba. Sai dai duk wannan tanadi yana jiran abu guda, wato matar da ke naƙuda ta yarda ta zo asibitin.

Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar juna biyu ko haihuwa, adadin da ya haura kashi ɗaya bisa huɗu na irin wannan rashi a duniya baki ɗaya. Binciken yawan jama'a da lafiyar iyali na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna kashi 39 cikin 100 kacal na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma kashi 16 ne. Fiye da mace ɗaya cikin kowace goma tana sauka ne babu kowa a kusa da ita. Da aka tambayi mata dalili a binciken 2013, amsoshin da suka fi yawa su ne haihuwar ta zo ba zato, da kuma cewa ba su ga buƙatar zuwa ba. Nisa da tsada a baya suka biyo.

Wannan amsa ta "ba mu ga buƙata ba" buhu ce da aka cusa abubuwa da yawa a ciki. Takardar tambayoyin tana da gurbin tsada, da na nisa, da na rashin ma'aikaciya mace, da na hanin miji, amma ba ta da gurbin da mace za ta ce tana gudun yadda za a kwantar da ita. Alhali harshenmu kansa ya riga ya faɗi yadda Bahaushiya ta san haihuwa. Idan aka ce wance tana kan gwiwa, kowa ya san naƙuda take yi. A gida durƙusawa take yi, ta dafa bakin gado ko 'yar kujerar tsugunno, da zaninta a jikinta, sau da yawa ma ungozoma ba ta shigowa sai bayan jariri ya faɗo, ta yanke cibi ta kimtsa mabiyiya. Wannan matar ce idan ta zo asibiti ake ce mata ta hau gado, ta kwanta rigingine, ta buɗe ƙafafu a gaban mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ga wadda aka raina da kunya har ta kai ba ta iya yin ƙara a haihuwar fari, wannan umarni ba ƙaramin abu ba ne, kuma labarinsa yana komawa unguwa tare da ita.

A nan ne maganar kujerar haihuwa ke shigowa. Gajeriyar kujera ce da ba ta kai gwiwar mai tsaye ba, an yanke tsakiyar mazauninta ta gaba ya zama kamar jinjirin wata. Mai naƙuda tana zama a kai ƙafafunta a ƙasa, wani na kusa da ita yana tallabe ta ta baya, ungozoma kuma tana zaune ko durƙushe a gabanta tana karɓar jariri ta wannan yanka. Tsugunno ne wanda aka sauƙaƙa wa cinyoyi, domin mace ba ta iya daɗewa a tsugune tana yunƙuri ba tare da gajiya ba. Ana yin ta da katako ko roba mai ƙarfi, kuma kowane kafintan kirki zai iya ƙera ta.

Ba sabuwar ƙirƙira ba ce. Matan Masar ta dā a kan tubala suke tsugunawa su haihu, kuma an haƙo ɗaya daga cikin irin tubalan a Abidos a 2001. Soranus, likitan da ya yi aiki a Rum a ƙarni na biyu miladiyya, ya bayyana siffar kujerar da yankanta dalla-dalla. Littafin koyar da ungozomomi da Eucharius Rösslin ya wallafa a Jamus a 1513 yana ɗauke da zanenta, kuma ungozomomin Turai na wancan zamani da kujerarsu suke yawo gida-gida. Gado ya karɓe wurinta ne daga ƙarni na 17, lokacin da likitocin fiɗa maza suka fara shiga ɗakin haihuwa. François Mauriceau na Faransa, wanda littafinsa ya fito a 1668, yana cikin waɗanda suka fifita a haihu a kan gado, sannan yaɗuwar ƙarfen jawo jariri ta ƙarfafa wannan ra'ayi, tunda ba a iya amfani da shi sai mace tana kwance. Hatta sunan da likitoci ke kiran kwanciyar rigingine da ƙafafu a ɗage, aro ne daga tsohuwar tiyatar cire tsakuwa daga mafitsara. Wato tun asali sauƙin mai dubawa aka yi la'akari da shi. Da asibitin zamani ya iso mana a zamanin mulkin mallaka, da gadonsa ya zo, muka ɗauka cewa gadon ma wani ɓangare ne na ilimin.

Abin da bincike ya nuna

Hujjar masu goyon bayan zama ko durƙuso ta fara ne daga ƙirar jiki. Idan mai ciki ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa yana danne manyan jijiyoyin jini biyu da ke bi ta bayanta, jinin da ke komawa zuciyar uwa ya ragu, wanda ke isa ga jariri ma ya ragu. Ƙashin ƙarshen gadon baya, wanda ya kamata ya ɗan ja da baya ya ba kan jariri hanya, katifa ce ke tokare shi. Idan kuwa ta miƙe ko ta tsuguna, mafitar ƙashin ƙugu tana ɗan ƙara faɗi, nauyin jariri kuma yana bin hanyar da ake so ya bi.

Cibiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna su, ta fitar da nazari a 2017 kan mata fiye da 9,000 da ba a yi wa allurar kashe zafi ta gadon baya ba. Waɗanda suka haihu a miƙe, ko a zaune ko a durƙushe ko a tsugune, lokacin yunƙurinsu ya ragu da kimanin minti shida, an rage yi musu ƙari, an rage jawo jariri da ƙarfe ko na'ura, kuma an fi samun daidaiton bugun zuciyar jarirai. Masu nazarin sun yi gargaɗin cewa da yawa daga gwaje-gwajen ba su da ingancin da ake so. Minti shida dai ba juyin juya hali ba ne, amma raguwar ƙari babban lamari ne ga macen da za ta koma gida da ɗinki, ta shiga wankan jego a inda ruwa mai tsafta ke wahalar samu.

A kan wannan da makamantansa ne Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta gina shawarwari 56 da ta fitar a watan Fabrairun 2018 kan kula da mai naƙuda. Daga ciki akwai cewa a ƙarfafa wa macen da cikinta ba shi da matsala gwiwar yin tattaki da miƙewa yayin naƙuda, a bar ta ta zaɓi yanayin da za ta haihu, a ƙyale wani da ta amince da shi ya zauna tare da ita, kuma a daina yin ƙari a matsayin al'adar aiki. Abin lura shi ne hukumar ba ta ce a sayi kujera ba. Zaɓi ta ce a bayar, kujera kuwa ɗaya ce daga hanyoyin bayar da shi.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda masu tallata kujerar ba su cika son tsayawa a kansa ba. Nazarin Cochrane ɗin ya gano cewa waɗanda suka haihu a miƙe sun fi yawan zubar da jinin da ya haura rabin lita. Gwaji mafi girma da aka yi kan kujerar ita kanta, wanda aka gudanar a Suwidin da mata 1,002 masu haihuwar fari aka wallafa a 2011, bai ga ta rage jawo jariri da na'ura ba, ya kuma ga ƙarin masu zubar da jini tsakanin rabin lita da lita ɗaya, ko da yake bai ga ƙari a masu haura lita ɗaya ba. Matan da suka haihu a kanta sun fi nuna gamsuwa da yadda haihuwar ta kasance. Wasu masana na ganin wani ɓangare na bambancin daga awo yake, domin jinin mai zaune yana taruwa a kwano a gan shi, na mai kwance kuwa zanin gado ne ke shanye shi. An kuma san cewa daɗewa a kan kujerar yana kumbura gaban mace, kumburarren nama kuwa ya fi saurin yagewa da zubar jini, shi ya sa ake tayar da ita ta ɗan taka lokaci-lokaci.

Ga 'yar Suwidin mai ƙoshin lafiya, wadda ma'ajiyar jini ke hawa na biyu na ginin da take ciki, rabin lita ba abin tashin hankali ba ne. Lissafin ya bambanta a nan. Binciken 2018 ya nuna kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a Najeriya suna fama da ƙarancin jini, kuma zubar jini bayan haihuwa na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe su. Duk wanda zai shigar da kujerar haihuwa cibiyar lafiya ta ƙauye ba tare da ya fara amsa tambayar jini ba, ganganci yake yi da rayukan mutane.

Abin farin ciki, amsar ba daga nesa za a nemo ta ba. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023 ya ƙunshi mata fiye da 210,000 a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Dabarar ita ce a shimfiɗa wata leda mai mazurari da ma'auni a ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito, ta yadda za a ga yawan jinin da ido maimakon ƙiyasi. Idan ya kai iyaka, sai a haɗa matakan ceto a lokaci guda: murza mara, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da binciko inda jinin ke fitowa. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100, kuma a ƙarshen shekarar WHO ta shigar da tsarin cikin shawarwarinta. Da yake bayan fitowar jariri ake shimfiɗa ledar, babu abin da zai hana wadda ta haihu a kujera ko a kan gwiwa ta koma gado ko tabarma a auna jininta. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta wannan mataki a ƙa'idar aiki, a kuma horar da ma'aikata a kansa, domin a ɗakin haihuwa abin da ba a rubuta ba shi ake fara mantawa idan aiki ya yi yawa.

Shin za ta jawo mata asibiti?

Misalin da aka fi kafa hujja da shi daga ƙasar Peru yake. A wani yanki na jihar Ayacucho, inda manoma masu magana da harshen Kecuwa ke zaune a kan tsaunuka, kashi 6 cikin 100 na mata ne ke haihuwa a asibiti a 1999. Aka zauna da su aka tambayi abin da ke korar su, sannan aka sake tsarin ɗakin haihuwa: aka sa benci da igiyar riƙewa domin mai son haihuwa a miƙe, aka bar dangi su shiga, ma'aikata suka riƙa magana da harshen mutanen, aka kuma riƙa miƙa wa iyali mabiyiya su binne bisa al'adarsu. Zuwa 2007 adadin ya kai kashi 83. A 2005 Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar haihuwa a miƙe domin asibitocinta duka. Wanda ya san yadda ake binne mabiyiya a gidajenmu ba zai ga baƙon abu a wannan jeri ba.

Kada dai a ɗora wa benci nauyin da bai ɗauka ba. Abubuwa da yawa aka canza a lokaci guda, kuma jigonsu shi ne an tambayi matan. Wannan ya fi dacewa da halin da muke ciki, ganin cewa binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2019, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, ya gano fiye da kashi ɗaya bisa uku na mata sun gamu da zagi ko duka ko wariya yayin haihuwa, kuma yawancin waɗanda aka yi wa ƙari ba a nemi yardarsu ba. Ɗakin da ake daka wa mace tsawa, ko kujerar zinariya aka ajiye a ciki ba za ta sake komawa ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai tsara manufa ya lura da shi. Kujerar haihuwa gadon Masar ce da Turai. Abin da mafi yawan matan Arewa suka gada shi ne durƙuso, wanda ba ya buƙatar komai sai shimfiɗa mai laushi da za a iya wankewa, da wurin dafawa, da labule. Mai yiwuwa a wasu cibiyoyin tabarmar roba ta fi kujera amfani, a wasu kuma, musamman a birane inda mata ba su saba da dogon durƙuso ba, kujerar ta fi. Idan aka yanke hukunci daga ofis a Abuja cewa kowace mace sai ta hau kujera, an maimaita kuskuren gado ke nan da wani katako daban.

Haka kuma kujera ba ta maganin jijjiga, ba ta juya jaririn da ya kwanta a karkace, ba ta faɗaɗa ƙugun yarinyar da bai gama girma ba. Doguwar naƙudar da ke jawo yoyon fitsari tiyata take buƙata cikin gaggawa. Amfanin kujera a irin wannan hali shi ne idan ta sa matar ta kasance a gaban ƙwararriya tun farkon naƙuda, maimakon a kawo ta bayan kwana biyu.

A hannun wa alƙalamin yake?

Cibiyoyin lafiya na matakin farko na jihohi ne da ƙananan hukumomi, don haka wani zai iya cewa wannan ba maganar Tarayya ba ce. Amma takardun da ke tsara abin da ke faruwa a cikinsu a Abuja ake rubuta su. Hukumar NPHCDA ce ke fitar da mizanin kayan aikin da ya wajaba kowace cibiya ta mallaka, kuma abin da ke cikin jerin shi ɗan kwangila ke kawowa, shi mai duba aiki ke ƙirgawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kafa asusun BHCPF da aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta ware kashi 15 na asusun ga gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 kuma ga bunƙasa ma'aikata. Kujera tana cikin kason farko, amma rayuwarta tana cikin na biyu.

Dalili kuwa shi ne ungozomar da ta yi duk karatunta tana karɓar haihuwa a bakin gado ba za ta durƙusa a ƙasa ta karɓa ba don kawai an kawo kujera. Hannunta bai saba da kare gaban mace daga wannan kusurwa ba, kuma tana tsoron a tuhume ta idan wani abu ya faru. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ce ke tsara manhajar karatunta, hukumar rajistar jami'an lafiyar al'umma kuma ke tsara ta jami'an da manufar raba ayyuka ta 2014 ta ba damar karɓar haihuwa a inda babu ungozoma, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin cibiyoyin karkara. Ɗalibi kuma abin da ya ga ana yi a asibitin koyarwa shi yake ɗauka daidai, asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyin lafiya na Tarayya kuwa kai-tsaye a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya suke. Muddin ba a ga mace ta haihu a durƙushe a waɗannan wurare ba, ba za a gani a ƙauye ba. Dole kuma a yi wa ungozomar adalci: wadda ke kwana ita kaɗai da mata huɗu masu naƙuda da fitilar waya tana son kowa a kan gado ne domin ta iya ganinsu duka, ba don mugunta ba. A nan ne barin uwa ko 'yar uwa ta shiga ta tallabi mai naƙuda yake zama sauƙi ga ma'aikaciyar ma.

Akwai kayan aikin da zai taimaka wajen bin diddigi ba tare da an kashe ko sisi ba. Takardar lura da naƙuda da WHO ta fitar a 2020 domin maye gurbin tsohuwar, wadda Najeriya na cikin ƙasashe shida da aka gwada ta, tana da layin da ake rubuta ko mace na da mai zama da ita, ko an ba ta abin sha, da ko tana kwance rigingine ko tana motsawa. Duk cibiyar da ke cike wannan takarda da gaskiya tana tara bayanin da mai sa ido zai iya karantawa a cikin minti biyar.

Haɗarin da ya fi kusa, wanda masu karanta wannan shafi suka fi kowa sani, shi ne batun ya koma kwangila. Abu mai araha, mai sauƙin ɗaukar hoto, wanda za a iya liƙa wa sunan ɗan majalisa, shi ne ainihin irin kayan da ke shiga kasafin ayyukan mazaɓu. Za a iya sayen kujeru dubu goma a wata guda, a raba su da biki, su ƙare a matsayin wurin zaman mai gadi ko abin ɗora bokiti. Tsarin da ya fi ma'ana shi ne a zaɓi wasu cibiyoyi ƙalilan daga cikin ƙananan hukumomi 172 na MAMII, waɗanda tuni suke da ledar auna jini da allurai a firji da motar da za ta kai mace babban asibiti, a horar da ma'aikatansu, a ajiye kujera da tabarma kusa da gado, a tambayi kowace mace tun ranar awon ciki yadda take son ta haihu. Bayan shekara guda a ƙirga mata nawa suka zo, nawa aka yi wa ƙari, nawa suka zubar da jinin da ya haura rabin lita, sannan a kai alƙaluman gaban Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda kwamishinonin jihohi 36 da sakataren lafiya na Abuja ke zama da minista.